Sauya jif daga jan ƙafa huɗu na dindindin zuwa na zaɓi: Abin da mai mota ya kamata ya sani

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, masu manyan motoci a Zariya suka duƙufa neman dabarun rage shan mai. Cikin shawarwarin da ake yawan ji a garejojin da ke tsakanin Ƙofar Doka da Tudun Wada, har zuwa Sabon Gari, akwai cewa a cire wa jif furofela, ko kuma a mayar da ita irin tsarin Hilux, wadda direba ke saka wa ogzilari idan buƙata ta taso, ya cire da zarar ya hau kwalta.

Akwai kuma waɗanda damuwarsu ta damina ce. Mai gona a yankin Soba ko Giwa ko fadamun kogin Galma yakan sayi jif da aka rubuta wa AWD a bayanta, yana zaton ya rabu da maƙalewa, sai ranar da ruwa ya jiƙa hanya ya ga motarsa ta nutse a taɓo, tsohuwar Hilux ta zo ta wuce shi. Shi abin da yake so a ƙara wa motarsa ƙaramar giya mai ƙarfi.

Dukkansu tambaya ɗaya suke yi: ko za a iya mayar da motar da ke jan ƙafa huɗu da kanta ta koma wadda direba ke zaɓa mata? Ana iyawa a wasu motocin, a wasu kuma ba zai yiwu ba ko nawa aka kashe. Mai motar da bai san rukunin da tasa take ba yana iya rasa giyabos, ko ya raunana burkin motar da yake ɗaukar iyalinsa a ciki.

Bambancin tsarin biyu

A tsarin zaɓi, wanda aka sani a Hilux da Land Cruiser samfurin 70, mota tana tafiya da ƙafafun baya kaɗai a kan kwalta. Bayan giyabos akwai wani akwati da ke raba ƙarfin inji, wanda makanikai ke kira ogzilari, yana da liba ko maɓalli mai alamomin 2H da 4H da 4L. A 2H ƙafafun baya ne ke ja. A 4H akwatin yana ɗaure shaf ɗin gaba da na baya su riƙa juyawa tare da gudu iri ɗaya. A 4L kuma ana ƙara wata ƙaramar giya da ke rage gudu, ta ninka ƙarfin da ke isa tayoyi kusan sau biyu da rabi. A Hilux adadin shi ne 2.566, a Land Cruiser samfurin 80 kuwa 2.488. Wannan ƙaramar giya ce ke fitar da mota daga rami, ta hau da ita tudu da kaya a hankali.

A tsarin dindindin direba ba ya zaɓar komai. Ko dai ƙarfin inji yana zuwa ƙafafu huɗu a kowane lokaci, ko kuma wata na'ura ce ke tura shi baya idan ta ji tayoyin gaba sun fara santsi. An ƙera shi ne domin kwalta mai ruwa da ƙanƙarar ƙasashen sanyi, shi ya sa akasarin irin waɗannan motoci ba su da ƙaramar giya.

Tsarin zaɓi ya yaɗu ne da motocin soja da na daji, tun daga Jeep ta Yaƙin Duniya na Biyu a 1941, da Land Rover, da motar Toyota ta 1951 wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Na dindindin ya samu karɓuwa bayan fitowar Range Rover a 1970 da Audi Quattro a 1980, sannan RAV4 ta 1994 da Lexus RX300 ta 1998 suka shigar da shi cikin motocin iyali, irin waɗanda yau suka cika titunanmu ta hanyar Kwatano da Legas.

Abin da ke faruwa a kwana

Duk maganar ta rataya ne a kan abu guda: idan mota ta sha kwana, ƙafafunta huɗu ba sa cin tazara ɗaya. Na gaba suna yin zagaye mai faɗi fiye da na baya, na waje kuma fiye da na ciki.

A ɗauki jif da tsakanin ƙafafun gaba da na baya ya kai mita 2.7, direba ya juya da ita a Ƙofar Doka zai koma inda ya fito. Idan tsakiyar aksil ɗin baya ta bi da'irar da nisanta daga cibiya mita 5 ne, ta gaba za ta bi mai kimanin mita 5.7. Kafin motar ta gama juyowa, baya ya ci mita 15.7, gaba kuma kusan mita 17.9. Bambancin ya haura mita biyu, wato kusan juyin taya guda cur.

Motar dindindin tana da difarenshal na tsakiya, ko wani kuloci mai sassauci, da ke shanye wannan bambanci. Motar zaɓi da ke 4H ba ta da shi. A kan yashi ko laka ba matsala, domin taya ɗaya za ta ɗan zame, a rabu lafiya. A kan busasshiyar kwalta kuwa taya ba ta samun zamewa, sai ƙarfin ya taru a shaf da haƙoran giya. Direba zai ji sitiyari ya yi nauyi, motar tana tirjewa, tayoyi suna ƙara. Idan aka ci gaba, abin da ya fi rauni a cikin jerin ƙarafan shi zai karye. Wannan ne dalilin da littafin kowace mota mai tsarin zaɓi yake hana tafiya da 4H a kan busasshiyar kwalta.

Saboda haka wanda ya mayar da motarsa tsarin zaɓi ya sani cewa ya sarayar da wani abu. Ranar da ruwan sama ya tare shi a hanyar Zariya zuwa Kaduna, da ƙafa biyu zai tafi, alhali a da motar tana riƙe hanya da huɗu.

Wane rukuni motarka take?

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe bonet a dubi kwanciyar inji. Idan ya kwanta a tsaye, kansa na fuskantar gaba, giyabos na bayansa, to galibi akwai akwatin raba ƙarfi mai zaman kansa da za a iya kwancewa. Idan ya kwanta a gicciye tsakanin ƙafafun gaba, labari ya sha bamban.

Rukunin farko su ne manyan jif masu inji a tsaye: Land Cruiser samfurin 80 da 100, da Prado samfurin 120, da Lexus GX470 da LX470, da 4Runner mai silinda takwas. Waɗannan suna jan ƙafa huɗu kullum, amma da yawansu sun zo da ƙaramar giya da kuma hanyar kulle difarenshal na tsakiya. Mai irin wannan mota ya riga ya mallaki duk abin da Hilux ke yi a taɓo. Abin da kawai ya rasa shi ne 2H. A wannan rukuni ne sauyin yake yiwuwa.

Rukuni na biyu su ne masu inji a gicciye da difarenshal na tsakiya a cikin giyabos: RAV4 ta kafin 2006, da RX300 da RX330, da Highlander ta kafin 2014. A RX300 akwai wani gwangwani mai ruwan siliki mai kauri da ke taurara idan gaba da baya suka saɓa gudu. A RX330 an cire shi, aka bar wa kwamfuta da burki aikin tare tayar da ke santsi.

Rukuni na uku su ne masu inji a gicciye waɗanda asalinsu jan gaba ne, baya yana shigowa ne kawai idan an buƙace shi: Honda CR-V, da RAV4 daga 2006, da Venza, da RX350 daga 2010, da Highlander daga 2014. CR-V ta da tana amfani da famfo biyu na mai da ke cikin difarenshal na baya, Toyota kuma da kuloci mai aiki da lantarki. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 tana da maɓallin kullewa a dashbod, wanda ke sakin kansa idan gudu ya kai kimanin kilomita 40 a awa.

A rukuni na biyu da na uku babu gurbin da za a dasa akwati mai ƙaramar giya. Abin da ke tura ƙarfi baya wani ɗan ƙaramin akwati ne da ke manne da giyabos, a matse tsakanin inji da gangar jikin mota. Motocin kuma ba su da shasi mai zaman kansa, ƙasansu bai da tsayi sosai, giyabos ɗinsu ba a ƙera shi domin jan kaya a rami ba. Duk wanda ya yi wa mai RX300 ko CR-V alkawarin mayar masa da ita Hilux, alkawarin da ba zai cika ba ne.

Akwai kuma waɗanda kamfani ya riga ya ba su zaɓin tun daga masana'anta. Mitsubishi Pajero, tun daga 1991, tana da tsarin Super Select mai matakai huɗu: 2H da 4H da 4HLc da 4LLc, inda 4H ɗinta ke tafiya lafiya a kan kwalta. 4Runner mai silinda shida ta 2003 zuwa 2009 ita ma tana da 2H. Highlander da RX masu haɗin inji da batir kuwa ba su da furofela kwata-kwata, injin lantarki ne ke juya ƙafafunsu na baya.

Yadda ake yin sauyin na gaskiya

A motocin rukunin farko hanyoyi biyu ake bi, kuma dukkansu sanannu ne a Ostareliya da Amurka, inda ake sayar da kayan aikin a haɗe.

Ta farko ita ce a buɗe akwatin raba ƙarfi, a cire difarenshal na tsakiya, a saka wani dunƙulallen ƙarfe da aka ƙera domin gurbin, wanda ke miƙa ƙarfi kai-tsaye zuwa baya. Maɓallin da a da yake kulle tsakiya shi zai koma mai haɗa gaba. Sannan a saka wa ƙafafun gaba makullin cibiya, wato abin nan da ake murɗawa da hannu a tsakiyar taya, irin na Aisin ko AVM ko Warn. Wani Ba'amurke mai suna Arthur Warn ne ya fara ƙera irinsa a 1948 domin tsofaffin Jeep na soja. Amfaninsa shi ne ya raba taya da shaf, ta yadda difarenshal na gaba da furofelarsa za su huta idan ana 2H. In ba a saka shi ba, tayoyin gaba za su ci gaba da juya waɗannan ƙarafa ta baya, an yi aikin banza ke nan. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi a Land Cruiser samfurin 80.

Ta biyu ita ce a sauke akwatin gaba ɗaya, a ɗora na wata mota 'yar gida ɗaya mai tsarin zaɓi. Masu Jeep Grand Cherokee a Amurka sun daɗe suna sauke akwatin NP249 su ɗora NP231 ko NP242, masu Ford Explorer mai silinda takwas kuma suna ɗauko na F-150. A nan ma sai an tabbatar da abubuwa da dama: yawan haƙoran shaf ɗin da ke fitowa daga giyabos ya dace da na sabon akwati, ramukan kusoshi sun hau, tsawon furofela biyu ya yi daidai ko a yanke a daidaita su a injin da ke gwada karkarwa, a huda wa liba gurbi, a kuma san inda na'urar auna gudu za ta zauna. Furofelar da aka yanke aka haɗa da walda ba tare da an daidaita ta ba takan kawo karkarwa, ta cinye boris da sil cikin 'yan watanni.

Abu mafi muhimmanci shi ne adadin giyar difarenshal na gaba da na baya ya zama ɗaya. Masu sayen kayan Beljiyam a Sabon Gari ko Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano su kula da wannan, domin kasko biyu suna iya yin kama a ido, cikinsu ya bambanta. Idan gaba 4.10 ne baya kuma 4.30, saɓanin ya kusa kashi 5 cikin 100, wato a kowace mita 100 gefe ɗaya yana neman wuce ɗaya da kusan mita biyar.

Sauya tsarin jan mota aiki ne da ake yi a duniya, amma aikin injiniyoyi ne. Peugeot 504, wadda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya harhaɗa ta shekaru da dama, jan baya ce. A Faransa kamfanin Dangel ya riƙa mayar da ita mai jan ƙafa huɗu tun daga 1980, kuma bai tsaya ga ƙara furofela ba: ya ɗaga motar, ya sake tsarin ƙafafun gaba, ya saka akwatin raba ƙarfi da aka auna mata.

Cire furofela da walda

Abin da aka fi yi a garejojinmu ba ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ba ne. Kwance furofelar baya ake yi a ajiye, musamman idan difarenshal na baya ya fara kuka ko boris ɗin tsakiya ya lalace, mai mota kuma ba shi da kuɗin gyara. Sakamakon ya danganta da rukunin motar.

A rukuni na uku motar za ta tafi da jan gaba kamar yadda ta saba. Ba a samu zaɓi ba, an dai rasa taimakon baya ne, kuma a masu kuloci na lantarki fitilar gargaɗi tana iya kamawa. Nauyin difarenshal da shaf ɗin baya yana nan, tayoyin baya kuma suna ci gaba da juya su.

A rukuni na biyu haɗarin ya fi girma. Ɗabi'ar difarenshal ita ce ya tura juyi inda ya fi sauƙi. Idan aka cire furofela, bakin da aka bari a sake shi ne mafi sauƙi, sai inji ya yi ta juya shi a banza, motar ta ƙi motsi. A mai gwangwanin siliki motar tana iya tafiya, amma duk nauyin jan ya koma kan gwangwanin da aka ƙera domin taimako na ɗan lokaci, zai yi zafi har ya lalace. Domin kauce wa haka wasu kan buɗe giyabos su yi wa difarenshal na tsakiya walda. Walda tana kashe taurin ƙarfen giya, ɓurɓushinta yana shiga man giya, ranar da ta tsage kuma giyabos ɗin ne zai tafi da ita. Wanda aka yi wa walda sannan daga baya aka mayar masa da furofela, ya samu motar da ke ɗaure a 4H har abada, tana tirjewa a kowace kwana ta lungunan cikin birni.

Akwai wani haɗari da ba a cika ambata ba. A mota mai giyar otomatik, idan aka saka P wani ɗan ƙarfe ne ke kama giya a cikin giyabos, kafin difarenshal na tsakiya. Idan furofela ɗaya ba ta nan kuma tsakiyar a buɗe take, tayoyi suna iya juyawa duk da an saka P, motar ta gangara da kanta. A ƙofar gida mai gangare inda yara ke wasa, burkin hannu kaɗai ya rage tsakaninsu da motar da ta haura tan ɗaya da rabi.

Lissafin man da za a rage

Abin da ke sa jif shan mai shi ne nauyinta, da girman injinta, da faɗin gabanta da ke karo da iska, da kuma tsaye-tsayen cikin gari. Sauya tsarin ja bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da yake ragewa shi ne gogayyar wasu 'yan giyoyi da boris, kuma wannan kaso ne ƙarami. A rukuni na uku ma ragin ya fi ƙanƙanta, tunda dama motar da gaba take tafiya mafi yawan lokaci.

Mai mota yana iya yin lissafin da kansa. A ƙaddara jif tana shan lita 14 a kowane kilomita 100, ana tafiyar kilomita 15,000 da ita a shekara, wato lita 2,100. A ƙaddara kuma sauyin ya rage kashi 5 cikin 100. An tsira da lita 105 ke nan a shekara, abin da bai kai cikin tankin Prado biyu ba. Sai ya ninka wannan da farashin lita a yau, ya ajiye kusa da kuɗin kayan aiki da ladan bakanike, ya ga shekara nawa zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. Sau da yawa cika iskar taya yadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba, da sauya fulogi da matatar iska, da gyara burkin da ke kamawa, da maye gurbin na'urar auna hayaƙi da ta mutu, sukan rage mai daidai da haka ko fiye, da kuɗi kaɗan.

Waɗanda ke yin sauyin a Land Cruiser suna da wata hujjar ban da mai: sitiyari yana yin sauƙi, gaɓoɓin shaf ɗin gaba suna daɗewa, kuma idan wani abu ya karye a gaba cikin daji ana iya sakin cibiya a dawo gida da baya. Ga mai yawan doguwar tafiya a busasshiyar hanya wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ƙarfin da ƙafa huɗu ke rabawa yanzu ya koma kan difarenshal na baya shi kaɗai. Kayan gaba kuma suna buƙatar a riƙa motsa su domin mai ya zagaya. Littattafan Toyota na motocin zaɓi suna cewa a yi aƙalla kilomita 16 da ƙafa huɗu kowane wata.

Burki da kwamfuta da takardu

Motocin da aka ƙera daga wajen 2000 zuwa yau suna da na'urar da ke ƙirga juyin kowace taya, tana aika wa kwamfutar ABS da ta hana zamewa, wadda Toyota ke kira VSC. An tsara kwamfutar ne bisa sanin cewa ƙafa huɗu ke ja. A wasu samfuran Land Cruiser 80 zoben da na'urar ke karantawa yana jikin shaf ɗin gaba ne, don haka da zarar an saki cibiya sai shaf ya tsaya, kwamfuta ta ɗauka tayoyin gaba ba sa juyawa, ta kashe ABS. Maganinsa a mayar da zoben jikin cibiya. Abin da wasu ke yi, na cire ƙwan fitilar gargaɗi ko liƙe ta da baƙin tef, ɓoye cuta ne, kuma direba ba zai gane ba sai ranar da ya taka burki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Wanda ke da cikakkiyar inshora ya sanar da kamfaninsa a rubuce kafin ya taɓa tsarin motar, domin yarjejeniyar inshora ta ginu ne a kan bayyana gaskiyar abin da aka yi wa inshorar, kuma sauyin da aka ɓoye yana iya zama hujjar jayayya ranar biyan diyya. Haka nan a wajen sayarwa. Jif da aka cire wa furofela ko aka yi wa walda ba ita ce motar da ke rubuce a bayanta ba, kuma sayar da ita ba tare da an faɗa wa mai saye ba algus ne. Mai saye ma ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ko ya sa a ɗaga ta, ya ga furofela da idonsa kafin ya biya.

Abin da ya fi araha

Ga mai son motarsa ta daina maƙalewa, taya ce farkon abin dubawa. Taya mai zanen da ya dace da kwalta da turɓaya tana sauya halin mota a laka fiye da yadda ake zato, rage mata iska kaɗan kafin shiga yashi kuma yana faɗaɗa tafinta, muddin za a mayar da iskar idan an hau kwalta.

Tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, kamfani ɗaya, cinyewa ɗaya. Yawancin lalacewar da ake ɗora wa tsarin AWD daga nan take farawa. Taya mai faɗin milimita 700 tana juyawa kimanin sau 455 a kilomita guda. Wadda zanenta ya cinye da milimita 4 tana juyawa kimanin sau 460. Idan sababbi na gaba, tsofaffi na baya, tsakanin Zariya da Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, saɓanin ya kai juyi 400, kuma kulocin tsakiya ne ke shanye shi da zafi. Mai haɗa tayoyin gwanjo daga wurare daban-daban yana kashe motarsa a hankali. A duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar ƙira, waɗanda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke dubawa a hanya.

Sai mai. Difarenshal na bayan CR-V yana da nasa man na musamman mai suna Dual Pump Fluid, kuma gurnanin da yake yi a kwana sau da yawa sauya man ne maganinsa, ba cire furofela ba. Akwatin raba ƙarfi da difarenshal na kowace jif suna son a duba mansu bayan an ratsa ruwa mai zurfi. Idan ya koma kalar madara, ruwa ya shiga. Idan mota ta lalace a hanya, a ɗora ta kacokan a kan motar ɗauka. Janta da ƙafa biyu a ƙasa biyu a sama yana ƙona tsakiyarta.

Wanda aikinsa na gona ne da gaske, yana ɗaukar taki da buhunan masara a hanyar da babu kwalta, zai fi samun sauƙi idan ya sayar da RX ko Highlander ya nemi Hilux ko Pajero ko Prado, wadda aka ƙera da ƙaramar giya tun asali.

Kafin a kwance kusa ko ɗaya

Mai Land Cruiser ko makamanciyarta da ya auna ya ga sauyin zai amfane shi, ya zauna da bakanikensa tukuna. Ya tambaye shi sunan akwatin da ke motar da lambarsa, da ko ya taɓa yin irin aikin a mota irin wannan, da inda motar take yanzu domin a ji daga mai ita. Ya tambayi ko kayan da za a saka an ƙera su ne domin wannan samfurin, ko kuwa walda za a yi. Ya nemi sanin makomar ABS bayan aikin. Su yi yarjejeniya cewa duk abin da aka cire za a damƙa masa, domin ranar da ya so mayar da motar yadda take ko sayar da ita.

Bayan an gama, a gwada motar a gabansa: a 2H a kan kwalta, sitiyari a murɗe har ƙarshe, ba tirjiya ba ƙara, a 4H da 4L a kan turɓaya, a ga tayoyin gaba suna ja, a saka P a gangare a ga ta tsaya, a kunna mota a ga fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu da kansu, alamar ba a cire ƙwansu ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, aikin bai kammala ba, kuma bai kamata motar ta bar gareji ba.